Shanyar Kaka da Waken Baffa

Ranar da aka kai Kaka makwancinta, takalma sun cika ƙofar ɗakin Umma har sun gangaro bakin rijiya. Ni aka ba aikin jera su, don kowa a gidanmu ya san ba na iya amsa gaisuwa. Da an ce mini "ya haƙuri" sai muryata ta maƙale. Ina durƙushe ina haɗa kowane silifa da ɗan'uwansa, kunnena yana cikin ɗaki.

Mutanen Kwandiko, garin da aka haifi Kaka, mota guda suka ciko. An yi kuka, amma bai daɗe ba. Wata tsohuwa mai tallan nono ce ta fara ɓata shi. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Allah ya jiƙan baiwar Allah. Tun ina amarya take sayen nono a wurina, ba ta taɓa miƙo kwano ba sai ta ɗaga faifai ta leƙa ko ƙuda ya riga ta."

Na ga kafaɗun mata suna rawa a ƙarƙashin mayafi.

Maƙwabciyarmu ta ce, "Mai injin niƙa fa? Yana can waje yana hawaye. Shi da take sa shi ya wanke inji a gabanta kafin ya zuba mata gero."

"Ai hawayen samun sauƙi ne," in ji wata, sai dariyar ta fito fili, har Umma ta ce a yi a hankali, maza suna ji.

Can sai wata ƙanwar Kaka da ta zo daga Gwaram ta sunkuyo ta rage murya. "Ita da babban ɗan nata fa? An ce mana ta daina cin abincin gidansa. Haka ta tafi?"

Kafin a ba ta amsa wasu suka yi sallama, aka koma gaisuwa. Ni kuwa duk gidan babu wanda ya kai ni sanin amsar, domin kusan kowace kalma ta rigimar nan ta bakina ta bi. Amma na ci gaba da jera takalma. Shi ya sa nake rubutawa. A takarda muryata ba ta maƙalewa.

Kaka mahaifiyar Babanmu ce. Gajeriya ce, siririya, tana da wata rediyo da ta ɗaure da robar taya don murfin batirin ya ɓace. Ba ta kai abu baki sai ta fara kai shi hanci. Ko ruwan randa sai ta shinshina. Takan ce, "Ciki ba shi da ƙofar baya ta gaggawa, ka tsaya ka tambayi baƙo sunansa tun a zaure." Idan ta je sayen wake, ba mai kyau take nema ba. Sai ta zura hannu har ƙasan kwano, ta baza a tafinta, ta jira. In ta ga ɗan ƙwaro ya leƙo yana tafiya, sai fuskarta ta saki, ta ce, "Auna mini. Wanda ƙwaro ya ci ya rayu, ni ma zan rayu." Masu wake sun san ta. Wani ma har ajiye mata yake a gefe, yana cewa ga na Hajiya da masu gadinsa.

Nata waken kuwa a cikin randa take ajiye shi, da toka da busasshen barkono, ta liƙe bakin da laka. Matan unguwa sukan kawo mata irin shukarsu ta adana musu, ba ta taɓa karɓar ko ƙwaya ɗaya ba. Ta san na kowa ba tare da alama ba.

Ni takan kira ni Hajiya Shiru. Idan baƙi suka ce yarinyar nan ba ta magana, sai ta ce, "Ku bar ta, rumbu ce. Tarawa take yi." Ita kaɗai ce ba ta taɓa cewa in ɗaga murya ba. Sai dai ta matso da kunnenta.

Baffa, yayan Babanmu, shi ne ɗanta na fari, kuma dillalin hatsi ne. Yana sayen wake da girbi ya ajiye sai ya yi tsada. Kaka irin matan da ce masu alkunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Idan ya zo gaishe ta, yana tsugunne a gabanta, sai ta juyo gare ni ta ce, "Hajiya Shiru, tambayi wancan ya iyali." Ni kuma in maimaita, shi kuma ya amsa yana danne dariya. Duk wanda bai sani ba zai ce ba ta damu da shi ba. Amma ni na san duk shekara idan ta yi shanyar kuɓewa, mafi kyawu take warewa ta ɗaure a tsumma mai tsabta, ta ce, "Kai wa matar wancan, ta yi mini yawa." Ba ta taɓa yi mata yawa ba.

Rigimar ta faro ne daga kaji. Wata bazara Baffa ya aiko mata da wake, fari tas, manya, babu huji ko ɗaya. Ta shinshina ta yamutsa fuska, amma ta karɓa, don kyautar ɗa ce. Ta zauna tana tsincewa, tana watsa wa kajinta fasassun. Kafin la'asar kajin suka fara tangaɗi suna faɗuwa. Har da jar kazar nan da take kwanciya a ƙarƙashin kujerarta.

Kaka ta yafa mayafi, ta ɗauki jar kazar ta ƙafa, ta ce in biyo ta. Muka ratsa kasuwa mutane suna buɗa mana hanya. A ƙofar shagon Baffa ta ajiye ta a kan buhu.

"Gaya wa wancan, wannan ta riga ni ci."

Baffa ya miƙe. "Inna, ɗan fiya-fiya ne aka yayyafa don ƙwari. Kowa haka yake yi. In an wanke an dafa ai ya fita."

"Gaya masa kazar ba ta sani ba, da ta wanke."

Mutanen shagunan kusa suka fashe da dariya. Baffa bai yi ba.

"Gaya masa kuma," in ji Kaka, "waken nan cikin 'ya'yan mutane yake shiga. Daga yau ba zan ƙara cin abincin gidansa ba, sai ranar da ya daina."

Na faɗa a hankali, ina kallon yatsun ƙafata. Kaka ba ta rantsuwa, ta ce faɗa ɗaya ta isa. Kuma ta isa. Duk Juma'a matar Baffa takan aiko da kwano, duk Juma'a kwanon yakan koma da murfinsa yadda ya zo. Da salla ma haka. Magana ta bazu cewa uwar Alhaji ba ta cin tuwon gidansa, abin kuwa ba ƙaramin abin kunya ba ne a garinmu. Baffa ya rame a fuska, amma taurin kai a nono ya sha shi. Babanmu ya je nan ya je can, daga baya ya ce shi dai ƙarami ne, ba zai shiga tsakanin dutse da dutse ba.

Ana haka, damina ta kusa ƙarewa, rediyo ta sanar cewa majalisar dokokin jiha tana duba wani ƙuduri kan harkar noma da tsabtar abinci, kuma wani kwamiti zai zo Birnin Kudu jin ra'ayin jama'a. An ce har da maganar zuba maganin ƙwari a hatsi. Kaka ta manna rediyon a kunne, ta ƙara murya, ta ce, "Alhamdulillahi. Abin da uwa ta kasa, hukuma ta zo yi. Hajiya Shiru, ki wanke farin hijabinki."

Babanmu ya ce, "Inna, taron manya ne fa."

"Wa ya girme ni a ciki?"

A adaidaita muka tafi. Ɗakin taron ya cika da manoma, da 'yan kasuwa, da masu sayar da magungunan feshi. Mata suna gefe ɗaya. Na lura fanka ɗaya tana ƙara kamar akuya mai tari, kuma an jera wa 'yan kwamiti ruwan roba amma babu wanda ya buɗe nasa. Baffa yana layin gaba cikin dillalai. Da ya hango mu sai ya gyara hularsa da ba ta karkace ba.

Wata ma'aikaciya mai tabarau ce take karanta ƙudurin da Hausa, sashe sashe. Ta ce duk mai sayar da maganin feshi sai ya yi rajista, a san shi, a san abin da yake sayarwa.

"Haka ne," in ji Kaka da ƙarfi.

Ta ce za a hana zuba fiya-fiya da ire-irensa a hatsin da mutane za su ci, kuma ma'aikata za su riƙa shiga kasuwa suna ɗibar samfuri a kai gwaji.

"Allah ya yi muku albarka!" in ji Kaka. Mutane suka fara waigowa. Ni na ja hijabi na rufe rabin fuskata.

Aka ba dillalai dama, Baffa ya tashi a madadinsu. Gaskiya ya yi magana mai ma'ana, ko ni na ji tausayinsa. Ya ce ba mugunta ce take sa su ba. Ƙwaro yana iya mayar da jarin mutum gari kafin rani ya raba, kuma masu saye daga kudu ba sa karɓar wake mai huji. Ya ce buhun nan mai leda a ciki, wanda iska ba ta shiga, yana aiki, amma yana da tsada kuma ba kullum ake samunsa ba. Idan za a hana, a wadata kasuwa da buhun tukuna. Sannan a kula kada masu binciken su zama wasu ƙwarin na daban. Aka yi tafi, shugaban kwamitin ya ce a rubuta wannan.

Sai Kaka ta ɗaga hannu. Da aka kawo mata abin magana ta riƙe shi nesa da baki, ta ɗan shinshina shi tukuna.

"Wani ya yi magana yanzu," ta ce. "Na san shi tun ba shi da haƙori." Ɗakin ya ɗauki dariya. "Maganarsa ta buhu gaskiya ce, ku ba su. Amma ni kajina ba su jira buhu ba. Ku rubuta dokar nan da babban baƙi, kada ku tausaya wa kowa. Ko ɗan wa ne. Ko uwar wa ce."

Ta zauna tana huci kamar wadda ta gama daka. Matan kusa suna ta riƙe mata hannu.

Ma'aikaciyar ta gyara tabarau ta ci gaba. Sashe na gaba, ta ce, ya shafi shanya. Za a hana shanya kayan abinci a gefen kwalta, kamar kuɓewa, da tumatir, da tattasai, saboda hayaƙin mota, da baƙin mai, da tsakuwa, da dabbobin da suke bi ta kai.

Kan Kaka yana cikin gyaɗawa ya tsaya.

Gidanmu a bakin titi yake, kuma duk unguwar babu mai shanya kamar Kaka. Daga gindin darbejiya har kwalbati nata ne, kowa ya sani, har direbobi suna kauce mata. Ta ce kwalta ta fi kowace tabarma zafi, kuɓewa takan bushe da korenta.

Ta taɓo ni. "Me ta ce?"

Ta ji sarai. Kafin in amsa, daga layin gaba aka ɗaga murya, da irin sautinta sak: "Allah ya yi muku albarka!"

Baffa ne. Bai waigo ba, amma na ga bayan wuyansa yana motsi.

Muka kama hanyar gida har muka wuce tasha. Sannan ta ce, "Titi na gwamnati ne, na yarda. Rana fa? Ita ma tasu ce?"

Washegari ta fitar da kuɓewarta ta baza a kwalta kamar ba a yi komai ba. Da hantsi Baffa ya tsaya da babur ɗinsa. Ya gaishe ta, ta sa na amsa. Daidai lokacin wata akuya ta ratsa ta tsakiyar shanyar, ta tsaya ta yi abin da akuya take yi, ta wuce. Dukanmu muka bi ta da kallo. Sai Baffa ya juyo gare ni, abin da bai taɓa yi ba.

"Hajiya Shiru, gaya wa Inna, laifi tudu ne."

"Gaya wa wancan ƙura ba ta kashe kaza."

"Gaya mata an ce ko uwar wa ce. A gaban hukuma aka faɗa, da abin magana."

"Gaya masa ya tafi, yana tare mini rana."

Ina tsakiya ina juya kai kamar fanka. Ya tafi yana dariya, ita ma na ga gefen bakinta ya motsa.

Amma da kuɓewar ta bushe, ta ware mai kyau ta ɗaure ta ba ni in kai, sai Baffa ya ce in mayar. Ya ce shi ma ba zai ci miyar kwalta ba sai ranar da aka daina. Yana faɗa yana murmushi, a ganinsa ramuwar wasa ce. Da na ajiye ƙullin a gabanta, Kaka ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ce in gaya wa kowa komai ba. Ranar ko rediyo ba ta kunna ba. A lokacin ƙafafunta sun fara kumbura, tana tashi da ƙyar. Na ji Babanmu yana ce wa Umma, "Mutanen nan wasa suke da lokaci."

Bayan 'yan kwanaki ta ce in kawo mata farin kwanon nan na tangaran da ruwa. Ta kwance ƙullin, ta ɗebi kuɓewar ta zuba, ta cuɗa da yatsu, ta tsame. Ruwan ya koma kamar an wanke tukunya. A ƙasa ga yashi, ga 'yan baƙaƙen tsakuwoyi, ga wani abu mai maiƙo yana yawo a sama. Ta kai kwanon hanci. Ta ajiye.

"Shekara nawa ina ba shi wannan," ta ce. Ba ni take tambaya ba.

Da yamma ta kira Babanmu ta ce ya kafa mata rumfar kara a tsakar gida, mai tsayin ƙugu, inda akuya ba ta kaiwa, ya shimfiɗa mata sabuwar tabarma a kai. "Ba don wancan ba," ta ce. "Ƙafata ce ba ta son zuwa titi." Kuɓewar ƙarshen damina a kan rumfar ta bushe. Ta fi daɗewa, kuma Kaka ta yi ta mita cewa ranar cikin gida malalaciya ce. Da na kai wa Baffa sabon ƙullin na gaya masa inda aka shanya, ya juya shi a hannu, ya juya. Ya ce, "Tsohuwar nan ta ɗaure ni."

Da sabon wake ya shigo kasuwa ya aiko a tambaya ko Inna za ta iya zuwa shago. Ta je, a kan kujerar roba ta zauna kamar alƙali. Ya sayo buhunan masu leda. A gabanta aka zuba wake, aka matse iska, aka ɗaure leda ta ciki, aka ɗaure ta biyu, aka ɗaure buhun. Ta sa an buɗe wani ɗauri an sake, wai ya yi sako-sako. Maƙwabtansa suna tsokanarsa, "Alhaji, dokar ta fito ne ba mu ji ba?" Ya ce, "A gidanmu ta fito." Har yau da nake rubutun nan ana cewa ƙudurin yana gaban majalisa.

Na ɗauka ranar za ta ci abincinsa. Ta ce a'a. Ɗaure buhu ba wuya, a bari rani ya gwada shi, a ga ko zai yi haƙuri bai koma wa kwalbarsa ta fiya-fiya ba. Baffa ya kalli kumburarrun ƙafafunta, ya ce to.

Ranin nan ya yi mana tsawo. Kaka ta daina fita, daga baya ta daina zama a kujera sai kan tabarma da matashi. Cinta ya koma 'yan cokula na kunu. Baffa yana zuwa kullum da safe, ya tsuguna, ya ce ko a buɗe buhun nan haka. Ita kuma ta ce in gaya masa wake bai nuna gajiya ba, shi me ya gajiyar da shi.

Sai da zafin bazara ya kankama, lokacin da waken kowa yake zama gari, ta ce a kai ta. Ba za a kawo mata ba, ita za ta je. Babanmu da Baffa suka ɗauke ta suka sa a mota. A tsakar gidan Baffa aka kwance buhu a gabanta. Ta zura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga ƙasa, ta shinshina, ta sake shinshinawa. Ta miƙa wa matar Baffa ta ce, "Alale."

Muka zauna jira. Aka surfa, aka kai niƙa, aka ƙulla, aka ɗora. Baffa ya kasa zama. Ya shiga ɗaki ya fito, ya leƙa madafa har matarsa ta kore shi. Da aka kawo, da manja da yaji a gefe, Kaka ta wanke hannu ta yi bisimilla. Kowa ya zuba mata ido, har yara. Ta gutsura ta kai baki. Ta tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta sake gutsura. Matar da kunu yake gagararta ta cinye ƙulli guda tas, ta suɗe yatsa.

Tsohuwa irin Kaka ba ta neman ƙari a gidan kowa, balle gidan ɗan fari. Ko yunwa za ta kashe ta, sai ta bar saura a kwano don kunya. Ta tura kwanon gaba da bayan hannu.

"A ƙaro," ta ce.

Baffa ya riga matarsa kai wa ga kwanon. Babban mutum da furfura a gemu, da babbar riga, ya nufi madafa da sauri har takalminsa ɗaya ya cire, bai tsaya ɗauka ba.

Ba ta ga damina ba. Allah ya karɓi abarsa wata safiya bayan ta idar da salla, tana jingine da matashinta. Ya Allah, ta kiyaye cikin bayinka iya ƙarfinta, ka kiyaye ta a kabarinta, ka yafe mata, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna.